Darasin Ingilishi a kolejojin Malbaza: me ake nema a wurin ɗalibi?

Yaron da ya gama firamare a Galmi ko Dogerawa ya shiga kolej, a ajin farko, wanda ake kira siziyem, zai fara gamuwa da Ingilishi. Shekara huɗu zai yi yana fama da shi kafin ya zauna jarrabawar BEPC. Hausa ya sha a nono, Faransanci ya shekara shida yana koyo bai gama zama a bakinsa ba, ga na uku an ɗora masa.

Yadda darasin yake gudana sananne ne daga Konni har Illela. Malam ya shigo, yara su miƙe su gaishe shi da Ingilishi baki ɗaya. Ya rubuta kwanan wata a allo, ya jera sababbin kalmomi a hagu, ma'anarsu da Faransanci a dama. Littafin da aka daɗe ana aiki da shi, English for the Sahel, ba kowane yaro yake da shi ba, don haka sai malam ya kwafe nassin a allo, su kuma su kwafe a kaye, wato littafin rubutu, su ja layi da jan bik a ƙarƙashin take. Kafin na bencin baya ya gama, lokaci ya yi nisa. Abin da ya rage sai a ba hadda: jerin aikatau masu sauya kama, sahu uku, ana rerawa kamar karatun allo.

Awo kuwa duk a kan maki 20 yake. Akwai ɗan gwajin ba-zata, akwai dabuwar, wato gwajin da ake sa wa rana, akwai babbar jarrabawar ƙarshen zango, a haɗa a raba. Wanda ya kai 10 ya tsira. A gida ma tambayar ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" Ba a cika jin uban da ya ce wa ɗansa karanta mini abin da ke jikin wannan kwali ba. Kusan duk abin da ake ba maki a kansa rubutu ne: cike gurbi, juya jimla zuwa tambaya, amsa tambayoyi a kan gajeren nassi. Yaro zai iya cin 15 alhali in baƙo ya tambaye shi hanyar tasha sai ya sunkuyar da kai.

Ba laifin malamai ba ne kacokan. Da yawansu ƴan kwantiragi ne, aji ya cika maƙil, wasu azuzuwan kuma na zana ne, ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara. Mai irin wannan aji, in ya ce kowane yaro sai ya yi magana, yaushe zai gama manhaja? Kwafe da hadda su ne dabarar da ta rage masa.

Ana yawan cewa kusanci da Najeriya ya isa ya sa yaran yankin su ƙware. Ni dai ban gamsu ba. Cinikin da ake yi tsakanin Konni da Illelar Sakkwato da Hausa ake yinsa, ko da naira ko da sefa. Inda Ingilishi yake tare mutum daban ne: takardar cikin kwalin magani, bayanin jikin gorar maganin feshi da manomin albasa ya sayo daga ƙetaren iyaka, saƙon waya, takardun neman shiga jami'a a Sakkwato. Da za a riƙa kawo irin waɗannan aji a karanta, da yaro ya san amfanin wahalar da yake sha.

Babban cikas a ganina shi ne bi ta Faransanci. Ɗauki misali guda. Ingilishi yana bambanta aikin da ake cikin yi yanzu da wanda aka saba yi kullum. Faransanci siga ɗaya yake amfani da ita ga duka biyun, shi ya sa bayanin yake yi wa malam tsawo. Bahaushe kuwa tun yana goye ya san "ina cin tuwo" daban, "nakan ci tuwo" daban. Jimla biyu sun warware abin da ake kwashe mako ana zagayawa. Malamai da yawa sun san haka, sukan saki Hausa in abu ya cije, amma a ɗarare, kada sufeto ya ji.

Koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1973 aka fara gwada shi da Hausa a Damagaram, sai dai a firamare. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Amma malamin ajin ƙarshe da takardun BEPC na shekarun baya yake shirya ɗalibansa, kuma muddin tambayoyin suna nan yadda suke, cike gurbi zai ci gaba da koya musu.