Idon da ke Karanta Ƙwaƙwalwa

A Tasawa ko Mayahi, in dattijo ya wayi gari baki ya karkace, magana ta ɗauke, jama'a sun san abin: shanyewar ɓarin jiki, galibi daga hawan jini. Amma akwai wata cuta mai tafiyar hawainiya. Mutum yana zuwa gona, yana gane jikokinsa, yana ƙirga kuɗinsa daidai, sai dai kalmomi suna zube masa ɗaya bayan ɗaya. Bana ya nemi sunan hauya ya rasa, ya ce "wancan abin". Baɗi a ce masa "Baba, miƙo ƙwarya", ya tambaya mece ce ƙwarya. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu.

Likita Marsel Mesulam ya bayyana wannan cuta a Amurka a 1982, daga marasa lafiya shida. A 2011 masana suka kasa ta gida uku, kowane da wurin da yake ci a ƙwaƙwalwa.

A nan gwanin karanta hoton ƙwaƙwalwa yake burge ni. Na'urar MRI, wadda a Nijar ake kira IRM, tana aiki da maganaɗisu, tana fito da ƙwaƙwalwa yanka-yanka a allon kwamfuta. In jini ne ya zuba ko ƙari ya fito, sau da yawa abin a fili yake. Wannan cuta kuwa ba ta da tabo, motsewa ce kawai. Gwanin yakan auna ɓarin hagu da na dama, domin a yawancin mutane magana a hagu take zaune, kuma hagun mara lafiya a hannun dama yake fitowa a hoton. Sai ya ga kwaruruwan saman ƙwaƙwalwa sun ɗan buɗe a gefe ɗaya, ruwa ya cike inda nama ya janye, kamar bakin tabki da rani.

Daga nan yakan haɗa da abin da kunne ya ji. In motsewar tana gaba, can bayan goshi, magana takan fito da ƙyar, a kakkarye. In tana daidai tsakanin ido da kunne, ma'anar kalmomi ke gudu, irin na mai ƙwarya. In ta fi baya, mutum yakan tsaya yana lalubar kalma, ya kasa maimaita doguwar jimla, kuma sau da yawa cutar Alzheimer ce tushe.

Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Amma hoton yana raba ta da ƙari ko taruwar ruwa, waɗanda ake yi wa aiki, yana kuma hana iyali zargin maƙwabta. Daga Tasawa sai an yi doguwar tafiya zuwa manyan asibitoci, irin na Yamai ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In za ku kai dattijonku, ku tafi da wanda ya san maganarsa tun tana garau, ya gaya wa likita lokacin da ta fara canjawa.