Gasar Harhaɗa Kalmomi ta Amurka: Kallon da Ba Na Gajiya da Shi

Duk wanda ya ce kallon yara suna jera haruffa ba zai sa gaban mutum faɗuwa ba, to bai taɓa kallon zagayen ƙarshe na Scripps National Spelling Bee ba. Ni kam wallahi na kamu, kuma ina son kowa ya kamu. Yaro ne ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu zai tsaya gaban makirufo, a jefo masa wata kalmar Turanci da ko farfesa bai cika jin ta ba, ya ɗan yi shiru, ya rubuta da yatsa a tafin hannunsa, sannan ya zayyano haruffan ɗaya bayan ɗaya. In ya kuskure harafi guda, sai a kaɗa ƙararrawa, shi ke nan ya fita.

Gasar ta daɗe. Jaridar Courier-Journal ta birnin Louisville ce ta fara ta a 1925 da yara tara kacal, Frank Neuhauser mai shekara 11 ya lashe da kalmar gladiolus, sunan wata fure. Yanzu kyautar zakara dala 50,000 ce, kuma har daga Ghana yara ke zuwa.

Amma abin da ya sace mini zuciya shi ne tambayoyin da yaran ke yi kafin su buɗe baki. Doka ta ba su damar tambayar ma'anar kalma, da harshen da ta fito, da yadda ake sa ta a jimla. Mai karanto musu kalmomin kuwa, Dakta Jacques Bailly, malamin Girkanci da Latin ne a Jami'ar Vermont, kuma shi kansa ya lashe gasar a 1980. Kai, muryar mutumin nan kaɗai abin saurare ce, don natsuwa da tausayin yara! A wurin tambayoyin nan ne za ka gane cewa ba haddar aku yaran nan suka yi ba. Sun san cewa dogayen kalmomin Turanci gina su aka yi da gutsattsari, kuma in kalmomi biyu suka yi tarayya a wasu haruffa, sau da yawa akwai zumunta a ma'anarsu. Duk wanda ya zauna gaban malamin sarfu ya ga yadda kitabu da katibi da maktaba suka fito daga tushe guda, zai gane wannan nan take.

Dubi abin da ya faru a 2023. An ba Dev Shah, ɗan shekara 14 daga jihar Florida, kalmar psammophile. A kunne ba ka jin harafin farko ko kaɗan, kamar da "s" ta fara. Yaron nan bai firgita ba. Ya tambaya ko ɓangaren farko shi ne wanda ke nufin yashi a Girkanci, aka ce e. Ya tambaya ko na biyun shi ne mai nufin masoyi, aka ce e. Daga nan fa magana ta ƙare: tsiro ko dabbar da ke jin daɗin rayuwa a jigawa. Ya jero haruffan, ya ɗaga kofi. Na sha maimaita wannan guntun bidiyo, kuma kowane karo sai tsikar jikina ta tashi, domin a gaban idonka kake ganin ilimi yana aiki.

Tun daga nan na shiga farautar dangin kalmomi, kuma daɗin abin ba ya misaltuwa. Wannan wutsiyar ta phile ita ce a bibliophile, mai ƙaunar littattafai, da ailurophile, mai ƙaunar kyanwa. Kama wata wutsiyar, cracy, wadda ke nufin mulki, ita ce muka ara a cikin dimokuraɗiyya. Sai ga plutocracy, mulkin masu kuɗi, ga gerontocracy, mulkin tsofaffi, ga kuma kakistocracy, mulkin mafi lalacewar mutanen gari. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce mancy, wato duba. Oneiromancy duba ne ta hanyar mafarki, chiromancy duban tafin hannu, geomancy kuwa ba komai ba ne illa bugun ƙasa da kowa ya sani. Kalma ta yi maka kwarjini a takarda, kana fasa ta sai ka tarar abin gida ne.

Har dodannin kalmomin da ake tsorata ɗalibai da su, haka suke. Pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis harafi 45 ce, an ƙirƙire ta a 1935, kuma in ka daddatsa ta za ka samu huhu, da ƙanƙantar da ido ba ya gani, da sinadarin yashi, da dutse mai aman wuta, da ƙura, da cuta. Ciwon huhu ke nan da shaƙar ƙura mai laushi ke jawowa. Akwai ma sesquipedalian, wadda ake siffanta dogayen kalmomi da ita, asalinta "mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi". Wanda ya riƙe cewa sesqui ɗaya da rabi ne, ba sai an faɗa masa cewa sesquicentennial bikin cika shekara 150 ne ba.

Masu shirya gasar sun yi abin a yaba da suka ƙara zagayen ma'ana, inda ake tambayar yaro abin da kalma ke nufi maimakon haruffanta. Ya zama dole, don yaran sun fi ƙarfin ƙamus: a 2019 sai da aka naɗa zakaru takwas a dare guda, kalmomin da aka tanada sun kasa kayar da su. A 2021 Zaila Avant-garde ta zama baƙar fatar Amurka ta farko da ta lashe, da kalmar murraya, sunan wata bishiya, ta yi tsalle tana juyi a kan dandamali don murna. A 2024 kuma Bruhat Soma ya harhaɗa kalmomi 29 daidai cikin daƙiƙa 90 a zagayen raba gardama. Ko numfashi ban iya yi ba!

Malaman Turanci da iyaye, don Allah ku nemi zagayen ƙarshe na 2023 a YouTube, ku zaunar da yara su kalla da biro da takarda a hannu. Ku ce su rubuta kowane gutsuren kalma da suka ji an tambaya, tare da ma'anarsa, su kawo muku washegari.