Hannun da Ke Gyara Fuskar Amarya a Dutsen Kura

Amaryar Bahaushe ba ta ɗaga kai. Tun daga kamu har buɗar kai idonta na ƙasa, saboda haka abin da 'yan biki da mai hoto suka fi gani shi ne fatar idon, ba ƙwayarsa ba. Masu kwalliyar da hannunsu ya faɗa a Dutsen Kura ta Minna, ɓangaren Hausa da na Gwari, sun san haka, shi ya sa rabin lokacinsu a kan ido yake ƙarewa.

Da gira ake farawa. Gwana ba ta zana girar da ta gani a waya. Sai ta duba ƙashin fuskar tukuna, ta bi layin da Allah ya tsara, ta cike giɓi da jagira gashi-gashi, sannan ta share gefe ya fito tsaf. Daga nan sai fatar ido: launi mai duhu a lungun waje, mai haske a tsakiya, ta yi ta murzawa da buroshi har a rasa inda wannan ya tsaya wancan ya soma. Da gangan take gama ido kafin ta taɓa kumatu, domin garin launin yana zuba, kuma in ya sauka a kan hoda aiki ya koma baya. Gashin idon kanti ma yana da lokacinsa. In ta shafa gam sai ta ɗan jira ya yi danƙo, in ba haka ba ya zame. "Amarya, kalli ƙasa, kar ki ƙifta." Ita kuma da ƙyar take cewa, "To, Anti."

Kakanninmu ma ba baya ba ne a wannan fage. Suna da kwalli a tandu, da katambiri na zanen fuska, da fure da goro masu rina baki. Sai dai kwallin dutse yana da illar da ba su sani ba, domin akasarinsa dalma ce. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri da ake sa wa irin wannan kwalli daga Nijeriya, kuma da aka auna kwallin, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ne. A ganina, mai kwalliyar da ta koma ga gazal mai lambar NAFDAC ba ta ci amanar al'ada ba.

Babban abokin gaba kuwa zafin Minna ne, musamman a Maris da Afrilu. Ga cunkoson ƙawaye a ɗaki, ga fanka ta tsaya, duk da tashoshin lantarki na Shiroro da Kainji a jihar suke. A nan ake bambance gwana da 'yar koyo. 'Yar koyo tana lafta kaya, kafin la'asar fuska ta tsage kamar bangon da aka yaɓe da gaggawa. Gwana siriri-siriri take shafawa, tana danne kowane shafi kafin ta ɗora wani.

Jan baki mai ƙarfi shi ne ƙarshe, kuma ba ya yafe kuskure. Gwana za ta zagaye leɓe da jagira ruwan ƙasa, ta cike da ja, ta sa amarya ta danna a kan tishu, ta ƙara wani shafin. Jan da ya karɓi baƙar fata daban, na wankan tarwaɗa daban, kuma in ido ya sha ado sosai takan rage wa baki kaifi, sai in dina ce ta dare, inda fitilu ke cinye launi. Kafin ta haɗa akwatinta, sai ta kira babbar ƙawa gefe ta damƙa mata jan bakin da hoda, ta ja mata kunne: bayan cin abinci a gyara tsakiyar leɓe kawai, kada a taɓa layin gefe.