Hukuncin Alƙali da Gyaran Hali: Nazarin Wa'azin Ceto a Majami'un Hausa

A daren ƙarshe na taron falkaswa, mai wa'azi yakan rufe Littafi Mai Tsarki, ya ce kowa ya sunkuyar da kai. Matan zumunta su sassauta kiɗan tulu, murya ta yi ƙasa. Sai a ji kira: wanda yake so ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu, ya fito gaba. Wani saurayi ya taso daga bencin baya yana share hawaye, a yi masa addu'a, dattijo ya rubuta sunansa a littafi, a ce masa ya sami ceto. Duk wanda ya tashi cikin majami'ar da ake sujada da Hausa ya san wannan dare. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne safiyar Litinin, sa'ad da saurayin zai koma kasuwa ya tarar da mudunsa na algus yana nan inda ya bar shi.

Wannan salon wa'azi yana da asali. Turawan mishan na SIM sun fara yunƙurin shiga ƙasar nan a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, 'yan Lutheran daga Denmark suka zauna Numan a 1913, mutanen Ikilisiyar 'Yan'uwa daga Amurka suka kafa tasharsu a Garkida a 1923. Yawancinsu mutanen falkaswa ne, masu ganin dole kowa ya tuba da kansa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi wa hidima sosai, sai Hausa ta zama harshen da Angas da Berom da Bajju da Bachama da Tangale suke jin bishara da shi. Daga baya, a shekarun 1960, ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta ɗauki saƙon da waƙa ta shiga da shi ƙauye-ƙauye.

Koyarwar da ke ƙarƙashin wa'azin tana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce baratarwa, wadda wasu ke kira kuɓutarwa. Maganar ɗakin shari'a ce: mai laifi yana tsaye, hujja ta tabbata a kansa, amma alƙali ya sallame shi domin wani ya riga ya ɗauki hukuncin. Haka Kirista suka fahimci mutuwar Almasihu da tashinsa, kamar yadda Manzo Bulus ya shimfiɗa a Romawa sura 3 zuwa 5. Ta biyu ita ce tsarkakewa, wato aikin Ruhu Mai Tsarki na sāke halin mai bi a hankali har ƙarshen ransa. Ta farko sau ɗaya ake yin ta, ta biyu kullum ana kai.

Yadda za a haɗa ƙafafun nan ya daɗe yana raba kan masana. Martin Luther, wanda ya ta da ƙura a Jamus a 1517, ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, ba aikinsa ba. Majalisar Trent ta Katolika ta amsa a 1547 cewa baratarwa ba gafarar zunubi ce kawai ba, har da sabunta mutum daga ciki. John Calvin ya kwatanta ƙafafun biyu da hasken rana da zafinta: abu biyu ne, amma ba a samun ɗaya ba tare da ɗaya ba. John Wesley kuma ya karkata ga tsarkin rayuwa. Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan sanarwa guda, suka yarda cewa ta alheri ake karɓar mutum, alherin kuma shi ke haifar da ayyuka nagari.

To amma a ƙasar Hausa, muhawarar tana ɓoye cikin kalmomin kansu. Ɗauki alheri. A bakin Bahaushe, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Matar da ta kai wa ƙawarta gudummawar biki ta san ranar nata bikin za a mayar mata, har da ƙari. Alherin zaman tare bashi ne mai daɗi. Alherin da bishara ke nufi kuwa kyauta ce ga wanda ba shi da abin ramawa, bai kuma cancanta ba. Idan mai wa'azi bai warware wannan ba, sai mai sauraro ya fita yana lissafi: na ba da baiko, na zo addu'ar safe, saura Allah ya biya ni. Nan bishara ta koma ciniki.

Haka kalmar tsarki. A maganar yau da kullum, tsarki abu ne na ruwa da jiki da tufafi, abin da ido ke iya shaidawa. Ba mamaki tsarkakewa a majami'u da yawa ta taƙaita ga jerin hani: kada a sha burkutu, kada a busa taba, kada mace ta shiga sujada ba ɗankwali. Barin giya ya ceci gidaje masu yawa, wannan gaskiya ce. Amma na ga yarinyar da ta yi ciki an sa ta ƙarƙashin horo, an hana ta Jibin Ubangiji, tana zaune a baya kanta a ƙasa, alhali mai riƙe haƙƙin ma'aikatansa yana kujerar gaba ba wanda ya ce masa uffan. Zunubin da ke fitowa fili shi ake hora, na cikin aljihu a kau da kai. Wannan ba tsarki ba ne, kunya ce aka sa wa rigar addini.

A ɗaya gefen kuma akwai masu riƙe ranar da suka ɗaga hannu kamar takardar shaidar filin da ba su taɓa nomawa ba. Mutum ya ce an riga an cece shi, ya ci gaba da halinsa: tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Masu wa'azi suna da hannu a ciki. Sau nawa ake karanta Afisawa 2:8-9, inda aka nuna ceto kyauta ne, a rufe littafi kafin aya ta 10, wadda ta nuna an sāke halittar mai bi ne domin ayyuka nagari? Wasiƙar Yaƙub, mai kiran bangaskiyar da ba aiki matacciya, ba ta cika samun gurbi a daren falkaswa ba.

Duk da haka, ba zan rena wannan wa'azi ba. Ya gaya wa talaka da bawa da kuturu cewa ƙofar Allah ba ta neman asali ko dukiya, ya kuma ba mai tsoron mutuwa tabbaci. Ƙarfinsa mafi girma shi ne ya yi jayayya da karin maganar da muka gada, cewa hali zanen dutse ne. Koyarwar tsarkakewa ta ce akwai hannun da ke iya sāke zanen, ko da sannu.

Labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 ya jera abubuwan yadda ya kamata. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Karɓa ce ta fara zuwa, gyara ya biyo, gyaran kuma ya taɓa aljihu. Saboda haka aikin ikilisiya ba ya ƙarewa da rubuta sunan saurayin nan a littafi. Dattijon da ya rubuta sunan shi ya kamata ya bi shi kasuwa ranar Litinin, ya zauna a rumfarsa, su yi maganar mudun.