Gwanintar ɗan langa a Suleja

A Suleja, garin da Zazzagawa suka kafa a 1828 ƙarƙashin Abu Ja, ƙwallon ƙafa ta cinye kusan kowane fili. Duk da haka, wanda ya tashi a Kurmin Sarki ko Magajiya ya san akwai wasan da ya riga ta zuwa dandali, wato langa. Ɗan sakandaren da ya riƙe ta a yau, alhali sa'o'insa sun koma gidan kallo da waya, ya cancanci jinjina, domin abin da yake yi ba ƙaramar gwaninta ba ce.

Dokar wasan a taƙaice take. Kowa zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi, ko ƙafar ta kuɓuce masa, an kashe shi ke nan. Ɓangaren da ke da wasa zai fitar da mutum ɗaya a matsayin ruwa, sauran su buɗe masa hanya har ya kai wurin sha, abokan karawa kuwa su yi ta neman kashe shi kafin ya isa.

Gwanintar tana farawa daga tafin ƙafa. Gwani ba ya dira a kan diddige. A kan gaban tafin yake sauka, gwiwa a ɗan tanƙware, ƙirji ya ɗan sunkuya, don nauyinsa ya tsaya daidai bisa ƙafar da ke ɗauke da shi. Tsallensa gajere ne kuma a kai a kai, saboda mai dogon tsalle yana daɗewa a sama, kuma a wannan lokacin ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi ƙasa. Hannun da ya rage shi ne ma'auninsa, shi ne kuma makaminsa.

Sai karanta abokin karawa. Sabon shiga fuska yake kallo, gwani kuwa ƙugu da ƙafa yake duba. Yana jira sai ɗayan ya ɗaga, sannan ya kai masa kafaɗa. In ƙato ya taso masa da ƙarfi, ba ya tarar sa. Sai ya goce, ƙaton ya wuce da nauyinsa ya kifa da kansa. Shi ya sa sau da yawa ba ƙarfafan ake ba ruwa ba, sai ɗan siririn nan mai zilliya kamar tarwaɗa, wanda ya san lokacin laɓewa bayan 'yan'uwansa da lokacin ficewa a guje.

A nan ne hali yake fitowa. Ƙarfafan ƙungiya sun yarda a kashe su muddin ruwa zai sha, ko da yake sunansa za a ambata ba nasu ba. Shi kuma ruwan ya san amana aka ɗora masa, don haka ba ya shiga faɗan da ba nasa ba don a yaba masa. A dandalin da babu alƙalin wasa, yaron da hannunsa ya saki ƙafa cikin ƙura, ba wanda ya gani, ya fita da kansa, ya koyi gaskiyar da za ta bi shi har aji da kasuwa.

Burin ɗan langa na kaiwa babbar gasa kuma ba mafarki ba ne. Langa tana cikin wasannin gargajiyar da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa da ayo da abula. A can ana buga ta a rukunin ruwa da tureshi da kawoshi. Ke nan yaron da ya fara a ƙofar gida zai iya sa rigar Jihar Neja ya ciyo mata lambar yabo.

Abin da ya rage shi ne a ba shi tsani. Langa ba ta neman ƙwallo, ba ta neman takalmi mai tsada, fili mai yashi da layin toka sun wadatar. Ina kira ga shugabannin makarantun Suleja su sa ta cikin gasar gidaje ta kowace shekara, hukumar wasanni ta jiha kuma ta riƙa turo masu zaɓen 'yan wasa. Iyaye, in ɗanku ya ce langa yake so, ku sa masa albarka.