Fiƙar Basilis a Ɓargon Sanda: Nazari Kan Ƙiyasin Masu Karatu

Tun daga shekarar 1997, lokacin da J. K. Rowling ta fitar da na farko cikin littattafai bakwai na hikayar Harry Potter a Ingila, wata al'ada ta tsiro tsakanin ma'abota karatun hikayar, wato su ɗauko abin da marubuciya ta yi shiru a kansa su yanke masa hukunci, tamkar yadda almajiran fiƙihu ke yi da mas'alar da ba su sami nassinta ba. Daga cikin irin waɗannan mas'aloli akwai ta fiƙar macijin nan Basilis: in an sanya ta cikin sandar sihiri, wace ɗabi'a sandar za ta ɗauka?

A cikin hikayar kowace sanda itace ce daga waje, amma an cusa wani yanki na jikin wata dabba mai ban al'ajabi a tsakiyarta, kamar ɓargo a cikin ƙashi, shi ne kuma yake ba ta halinta. Gwanin masu yin sanduna, Ollivander, abu uku kaɗai ya aminta da su: gashin doki mai ƙaho ɗaya, da jijiyar zuciyar diragon, da gashin tsuntsun finis. Fiƙa ba ta cikinsu. Nassin da ya fi kusa shi ne bayanin da Rowling ta yi a 2016, cewa sandar Salazar Slytherin ƙahon Basilis ne a cikinta, ana kuma iya sa ta barci da harshen macizai.

A kan wannan ne galibin masu ijtihadin suka gina, suka ce sandar za ta yi ƙarfi ainun, ta karkata ga baƙin sihiri, ta ƙi biyayya sai ga mai jin harshen macizai. Ni kuwa raina bai kwanta da wannan ƙiyasi ba, domin sun auna fiƙar da halin Slytherin, ubangijin macijin, alhali kuwa hikayar ta nuna mana aikin fiƙar ita kanta a sarari har sau biyu. A littafi na biyu, na 1998, da ita Harry ya soke kundin Tom Riddle. A na ƙarshe, na 2007, da irinta abokiyarsa Hermione ta halaka ƙoƙon Hufflepuff, bayan macijin ya shekara biyar da mutuwa, dafin kuwa bai huce ba. Duka abubuwan biyu mugun hikayar, Voldemort, ya ɓoye yankin ruhinsa a cikinsu. Ashe ke nan abin da aka tabbatar wa fiƙar shi ne warware mugun sihiri, wanda yake akasin abin da suka jingina mata.

Akwai kuma sifa ta biyu wadda ta fi damuna da aka manta, ita ce haɗarin fiƙar ga mai riƙe da ita, tun da kafin Harry ya soke kundin da ita sai da ta huda masa dantse, ba domin hawayen finis ba da ajalinsa ke nan. Wannan sifa ta girmi Rowling nesa. Malamin nan na Rum, Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya siffanta Basilis da ɗan ƙaramin maciji na ƙasar Kirina, a Libiya ta yau, mai farin tabo a ka kamar kambun sarauta (sunan ma a harshen Girka ma'anarsa ƙaramin sarki), ya kuma ruwaito cewa wani barde ya soke shi da mashi, dafin ya biyo mashin ya kashe shi har da dokinsa. Mawaƙinsu Lukan ya kawo irin wannan a ƙissar rundunar Kato da ta ƙetare hamadar Libiya: wani soja mai suna Murrus ya tsire macijin, da ya ga dafi ya hauro ƙota ya kama masa hannu, sai ya zare takobi ya sare hannun, ya tsaya da ransa yana kallon hannunsa yana mutuwa a kan rairayi.