Ma'aunin Littattafan Al'ajabi na Samari: Ganɗoki da Ruwan Bagaja

Galibin sharhin da a ke yi wa littattafan al'ajabi da na jarumtaka, waɗanda a ke ba yara 'yan shekara 10 zuwa 16, tambaya biyu ya ke bi. Ta fari, wane darasi ke cikin littafin? Ta biyu, Hausarsa ta yi kyau? In an sami amsar waɗannan sai a rufe magana, a sa littafin cikin jerin na makaranta ko kuwa a fid da shi. Tambayoyin nan suna da amfani, amma ba su isa su bayyana dalilin da ya sa yaro ya kan hana idonsa barci a kan wani littafi, wani kuwa ya ajiye shi tun a shafi na goma ba. Nufin wannan takarda shi ne a kawo tambaya ta uku, a gwada ta a kan littattafai biyu waɗanda kowane malamin Hausa ya sani. Tambayar ita ce: me gwarzon labarin zai iya rasawa?

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka kuwa buga littattafai biyar a 1934. Biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya suka rubuta, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa, Malam Bello Kagara. Littattafan nan sun yi tarayya a abu guda wanda ya kamata mai sharhi ya lura da shi tun da fari: a cikin kowannensu gwarzon ne da kansa ke ba da labarin bayan ya komo gida. Alhaji Imam yana gaya wa Koje Sarkin Labari, Ganɗoki yana gaya wa yara. Saboda haka mai karatu ya san tun daga shafin farko ba za a kashe shi ba, tun da shi ke ga shi zaune yana magana. To, in rai ba ya cikin haɗari, dole marubuci ya nemo wani abu dabam ya sa shi a bakin wuta, in ba haka ba fargaba ta ƙare, in kuwa fargaba ta ƙare yaro ya rufe littafi.

Mu fara da Ganɗoki. Kashin farko na littafin a kan tarihi ya tsaya. Ganɗoki yana cikin mayaƙan da suka tari Turawa, daga faɗuwar Kwantagora ta Ibrahim Nagwamatse a 1901 har zuwa Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. A nan abin da ke bakin wuta ƙasa ce da sarautarta, an kuwa rasa su. Kome ƙarfin damtsen Ganɗoki, takobi bai kai inda harsashi ke kaiwa ba, kuma mai karatu ya san haka. Shi ya sa kirarin da ya ke yi wa kansa a wannan kashi ya ke da nauyi, domin kirari ne na mutumin da ya ƙi gudu alhali kuwa rana ta riga ta ɓaci.

Sa'ad da labari ya bar ƙasar Hausa, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu da matsafa, sai al'amari ya sāke. Maƙiya suna ƙaruwa, Ganɗoki yana karkashe su, ya wuce gaba ya tarad da waɗansu. Ba ya asarar kome, ba wani sharaɗi da aka gindaya masa wanda in ya saɓa zai halaka. Ko a ginin jimla ana ganin wannan, don kuwa labarin jerin aikatau ne masu bin juna, ya yi kaza, sai ya yi kaza, sa'an nan ya yi kaza, ba a cika bukatar "in" ko "da a ce" ba. Kirarin da ya yi daɗi a Burmi a nan ya zama maimaici. Hausar Bello Kagara ba ta rage kyau ba ko kaɗan, darasin addini kuma sai ma ƙaruwa ya yi. Ke nan tambayoyin nan biyu na masu sharhi ba za su iya nuna inda littafin ya yi rauni ba.

Ruwan Bagaja kuwa wata hanya ya bi. Alhaji Imam ba jarumi ba ne, da baki da dabara ya ke ci. Abin da ya fid da shi daga gida shi ne kunyar da aka ba Liman a fada, da ya ce ruwan Bagaja ne zai warkad da ɗan Sarki, aka yi masa ba'a. Watau mutunci ne ke bakin wuta, shi kuwa mutunci ana iya zub da shi sau goma mai shi yana raye. Sa'an nan marubucin ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin gāba wanda wayonsa ya yi daidai da nasa. A wurin da Alhaji ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne, jama'a suka bi bayan mai ƙarya suka kori mai ilmi. Amma mai karatu ya san bashi ne aka ci, Zurƙe zai rama a gari na gaba, yana kuwa ramawa. Wannan jiran ramuwa shi ke jan yaro daga babi zuwa babi.

Littafin yana da nasa aibi. Imam ya ɗauki tsarin daga Maƙamat na Hariri, inda kowace maƙama ke zaman kanta, don haka ana iya musanya waɗansu babobi ba tare da labari ya ɓaci ba, kuma a kan daɗe ba a tuna da ruwan da aka fito nema ba. Har wa yau in da ma'aunin darasi kaɗai za a auna, Ganɗoki mai yaƙi don addini zai rinjayi Alhaji Imam mai damfara. Duk da haka sunan Zurƙe ne ya zauna a bakin waɗanda suka karanta littattafan suna yara.

Akwai shaida ta uku a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, aka kuwa samo asalinsa daga tsofaffin waƙoƙin Rasha na Iliya Muromets. A can ma an gaya wa gwarzon ba zai mutu a fagen fama ba. Amma masu waƙar sun fara shi gurgu ne, shekaru yana zaune ba ya iya tashi, kuma waɗanda suka warkad da shi sun lissafa masa jarumawan da bai kamata ya tara ba. Sun ba shi ƙarfi, sun kuma yanka masa iyaka. Wannan ita ce dabarar da kashi na biyu na Ganɗoki ya rasa.

Maganar nan ta shafi abin da yara ke karantawa a yau. Tun daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, a cikinsa kuwa akwai littattafan yaƙi masu cike da sadaukai da bokaye da aljannu, samari suna karɓarsu hannu bibbiyu. Malamin da ya ƙi su baki ɗaya don ba su da darasi zai rasa ɗalibansa, wanda ya karɓe su baki ɗaya kuma bai koya musu rarrabe aya da tsakuwa ba.

Shawarar da a ke ba malaman kwalejojin horon malamai ita ce su sa ɗalibai su ɗauki littafi ɗaya, su bi shi babi babi, su rubuta kowane wuri da gwarzon ya yi asara, da abin da ya rasa, da kowane sharaɗi da aka ɗora wa sihirinsa ko takobinsa. In takardar ta fito fara, an gane ciwon littafin ko da Hausarsa ta kai ta Bello Kagara. In ta cika, sa'an nan a zauna a tattauna darasinsa, don a lokacin yaran sun riga sun damu da abin da zai sami mutumin da a ke magana a kansa.